Magini da Randar 'Yar Masu Tukwane

Wani mutum ya je wurin yayansa ya ce wadda ya so tun ƙuruciya ta fita takaba, amma kunya ta hana shi komawa ƙofar gidansu da furfura a gemu. Yayan ya gyara zama ya ce, "Saurara, ƙanena, in ba ka misali."

A wani ƙaramin gari an yi wani saurayi magini da ya nemi auren 'yar masu tukwane. Har ya gina mata ɗaki, ya jera azara, ya yi yaɓe, saura daɓe kaɗai, sai Allah ya yi wa mahaifinsa rasuwa, ya bar masa uwa da ƙanne ƙanana. Ya dubi rumbu, ya dubi bakunan da ke jiransa, sa'an nan ya je ya durƙusa gaban iyayen yarinyar, ya roƙe su kada su tsare 'yarsu dominsa. Ita kuwa sai ta aiko masa da randa wadda ta gina da hannunta. Ta yi aure a wani gari. Shi kuwa ya ajiye randar a ɗakin nan ya ja ƙyaure, ya ci gaba da kwaɓa ƙasa yana ɗora tubali a gidajen mutane, har ya aurar da ƙannensa duka, ya kuma kai mahaifiyarsa makwancinta. Abokan wasa suna kiransa tuzuru, yana amsawa da murmushi.

Ana nan, mijin matar ya rasu, ta dawo gida ta tarar mahaifiyarta ta makance. Tsohuwar ta san gidanta da tafin hannu, daga bakin ɗaki zuwa madafa, daga madafa zuwa gindin bishiyar bedi, kuma ta rantse ba za ta je ta koyi bangon wani ba. Manema suka yi ta zuwa, har da mai shago da dillalin shanu, amma da zarar matar ta ce ba za ta tare ta bar tsohuwa ba, sai kowa ya karkaɗe rigarsa. Daga ƙarshe magini ya yi sallama, bayan ya riga ya yi wa tsohon ɗakin nan daɓe. Ta sunkuyar da kai ta faɗa masa abin da ta faɗa wa sauran, alhali shi kaɗai ne ba ta so ya tafi. Bai yi musu ba, gama ya san nauyin irin wannan kaya tun da wuyansa ya taɓa ɗauka. Washegari ya zo da kwando ya toshe tsagar da damina ta yi wa katangarsu, ranar Juma'a kuma aka ɗaura auren ɗauki-sandarka, wanda mace ke zama a gidansu miji ya riƙa zuwa. Ya ɗauko randar a ka ya ratsa kasuwa, abokai suna ihu, "Ka gina wa gari duka ɗaki, ka ƙare a gidan surukai!" Da ya sauke ta a tsakar gida, tsohuwar ta shafa bakin randar da yatsu, kana ta ce, "Wannan ginin 'yata ne, tun hannunta bai faɗa ba. Ashe kai ne, ɗan nan? Ka daɗe a hanya."

Yayan ya dafa kafaɗar ƙanensa ya ce, "Tashi ka ba da rigarka a wanke, ka bar furfura inda take. Hausawa sun ce, da tsohuwar zuma ake magani."