Wa Ya Sa Hannu?

Jafaru ya dawo daga tashar mota ta Ojoo, ya kama kujeru uku a motar Kano don tafiya da mahaifiyarsa, sai ya tarar matar nan ta sake zuwa. Nas Muhibbat ce, daga masu bin gida suna kula da waɗanda ciwonsu ya fi ƙarfin magani. Tana zaune tana ba mahaifiyarsa, Hajiya Rahamatu, maganin rage zafi a cokali. Haushi ya turnuƙe shi.

Wata guda ke nan da likita ya ja shi gefe ya ce ciwon daji ne, kuma ya bazu. Tun ranar ya kafa doka a gidansu na unguwar Sabo: kada wanda ya gaya wa Hajiya, a ce gyambon ciki ne. Shi ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle doguwar hira. Da ya ce mata gyambo, kai kawai ta gyaɗa, ta ci gaba da rarraba wa maƙwabta ragowar goron da take sayarwa.

"Ba tiyata, ba ƙarin ruwa, sai shafa baya da hira!" in ji Jafaru. "Wannan jinya ce ko rakiya?"

"Ejo, don Allah Alhaji, yi a hankali," in ji nas. "Ba warkarwa muka zo ba. Mun zo kada ta sha azaba, ta ƙarasa a ɗakinta cikin jikokinta. Jikin nan ba zai kai Kano ba."

Jafaru kuwa in ya kafe, ko jaki ya sallama masa. Ya ritsa ƙanwarsa Sakinat, ta rantse ba ita ta kira su ba. Ya juya kan matarsa Zulfa, ta fashe da kuka. Sai ya koma kan nas.

"Duk wanda ya sa hannu kuka shigo gidan nan, shi ya yanke ƙauna da uwata! A ba ni takardar!"

Nas ta dubi gadon. Hajiya ta juya fuska bango. Aka miƙa masa.

Takardar ta wata uku da suka wuce ce. A ƙasanta, da ajamin nan da ya tashi yana gani a jikin huhun goro, an rubuta: Rahamatu.