Hawan da Ya Gagari Babur ɗin Mas'udu

A tsakiyar hawan injin ya sake yin tari ya mutu. Mas'udu ya daki kan babur ɗin da tafin hannu, ya bar shi ya gangaro da baya a hankali, buhun shinkafar da ya ɗaure a baya yana rangaji.

Babur ne mai taya huɗu, irin wanda 'yan gayu ke tsere da shi a bakin teku, na hannu ya saya. In shi kaɗai ne, babu lungun unguwarsu ta Nima da ba ya kai shi. Amma ranar Asabar 'yarsa Nadia za ta yi saukar Alƙur'ani, makarantar kuwa tana can saman wannan tudu, kuma ya riga ya yi mata alkawari shi zai kai ta har ƙofa, kamar yadda kowane uba zai kai nasa. Buhun nan shi ne ma'aunin nauyinta.

Ya koma kasuwar kayan gyaran mota ta Abossey Okai wurin Braimah bakanike, ransa a ɓace. An riga an canza salansa, abin da aka samu ƙara ce kawai, har maƙwabta suka fara tsine masa. An sa babbar kafreta, babur ya koyi shan mai kamar rijiya. Ƙarfi kuwa, shiru kake ji.

Issifu, wani mai sayar da kayan gyara da bai san Mas'udu ba, ya leƙo ya tsoma baki. “Masta, bari wahala. Akwai inji na tsere, mai giya na ƙafa. In an sa maka, cale, abokina, za ka tashi sama.”

“Ba na so.”

“To sai da shi ka sayi moto mai taya biyu. Shi ya fi sauƙi.”

Braimah ya zunguri Issifu da gwiwar hannu, ya yi maza ya kawo zancen babban fistan da sabon bel. Ya dai gargaɗi Mas'udu cewa sabon fistan lallashi yake so, ba a ɗora masa nauyi tun bai saba ba. Ina lokacin lallashi? Mas'udu ya ce a sa.

A gida matarsa Zalia ta ce a ɗauki tasi a huta. Ya ce ba tasi ya yi wa yarinyar alkawari ba. Taurin kai dai, Allah ya ba shi nasa har da na maƙwabta.

Ranar Asabar ya sha babbar riga har tana rufe gefen babur, Nadia ta hau baya cikin farin mayafi ta riƙe shi gam. Babur ya kama hawa da ƙarfin da bai taɓa nunawa ba. Suka wuce mai koko, suka wuce inda buhu ya saba kayar da shi, har Mas'udu ya fara jiyo karatun yara. Sai warin ƙuna ya taso, injin ya yi gum.

Ya tayar, ya ƙi. Ya sake, ya ƙi.

Wani direban tasi da ya biyo bayansu ya danna hon, ya leƙo. “Alhaji, sauka ka tura mana! Mutane na sauri!”

Mas'udu ya karkatar da babur gefen kwata, ya ce wa Nadia ta sauka.

“Baba, bari, zan iya tafiya ni kaɗai.”

“Har ƙofa na ce miki.”

Ya naɗe babbar rigar a ƙugu, ya zura hannayensa cikin silifa, ya sauko ƙasa ya kama hawan yana jan ƙafafun da shan inna ya shanye tun yana yaro.