Wa Ke Fitar da Keken Genzo?

Karo na biyu ke nan tsoho Genzo yana tashi daga barcin rana ya tarar kekensa ya fice daga ɗaki.

Keken lantarki ne mai ƙafa huɗu, ja wur, irin na masu ciwon gwiwa. Tun da jirgin ruwan shaƙatawa ya baro birnin Kobe, a kansa Genzo yake zuwa cin abinci, a kansa yake zagaye saman jirgi yana danna wa bayin Allah hon. Da kansa yake shigar da shi ɗaki, ya matse shi tsakanin gado da bango, ya rataya makullin a wuya. Amma ga shi nan a lungu, an daidaita shi tsaf a gefen ƙofa, hancinsa na kallon hanyar fita, tayoyin an goge su fes.

Nakazato, ma'aikaciyar da ke kula da ɗakunan wannan hawa, tana tsaye tana jiransa. Ta rusuna, ta ba da haƙuri, ta sake rusunawa, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Lungun nan hanyar tsira ce in wani abu ya faru, doka ta hana a bar keke a ciki ba mai shi. In ta sake ganinsa haka, za a kai shi ma'ajiyar kaya a ƙasan jirgi, sai an koma Kobe.

Jibi jirgin zai tsaya a Hakodate, inda yayar Genzo, Ume, ke zaune a saman tudu, cikin wata unguwar da motar haya ba ta shiga. Ta haura casa'in, kuma ta aiko masa cewa in zai zo ya zo bana, don ba ta yi wa kowa alkawarin baɗi ba. Da waɗannan gwiwoyin nasa, ko rabin tudun ba zai kai ba.

Matarsa Tomie tana bakin gado tana manna wa bayanta filastar ciwo. Ita ce ta taho musu da silifas na ɗaki tun daga gida, har da 'yar shimfiɗar ajiye takalma, sai ka ce jirgin gadonta ne.

"Ko wane ne dai, ya samu tarbiyya," in ji ta. "Dubi yadda ya ajiye shi."

"Ke tsohuwa, za a raba ni da kekena kina yabon ɓarawo?"

"Ɓarawon da ke goge taya? Ina ma ya biyo mu gida."

Genzo bai kula ta ba, don ya riga ya san mai laifinsa. Kuwabara ne, mutumin ɗakin da ke kusa, wanda Genzo ya take wa ɗan yatsa da keke a layin karɓar dafaffiyar ƙaguwa ranar farko. Tun daga ranar gaisuwar Kuwabara ta gajarce. Genzo ya tare shi a ƙofar gidan wanka, ya kaɗa masa makullin a fuska, ya ce ya faɗi yadda yake tuƙa keke ba makulli.

"Wane makulli? Akwai ɗan ƙarfe a baya, in ka ɗaga shi ko yaro zai tura abin," in ji Kuwabara.

"Ashe ka sani!"

"Kowa ya sani, Baba. Kai kaɗai ne ba ka taɓa kallon bayan kekenka ba."

Yadda Kuwabara ke shiga ɗakin da ke kulle, wannan Genzo bai tsaya tunaninsa ba. Mai neman laifi ba ya rasa hujja.

Washegari bayan abincin rana ya yi shirin yaƙi. Ya kutsa ɗaki a kan keken, ya ƙi sauka, ko takalmi bai cire ba. Ya ɗaure ƙugunsa a jikin kujera da ɗamarar rigar wanka, ya ɗora lema a cinya, ya ce yau za a yi ta ta ƙare. Tomie ta daɗe tana kallon ƙafafunsa, sannan ta miƙa masa shayi. Jirgi na lilo a hankali, ciki ya cika da shinkafa da kifi. Kafin shayin ya huce mai gadi ya fara minshari.

Dariyar Kuwabara ce ta tashe shi. Yana buɗe ido ya ga kansa a lungu, ɗaure a kan kekensa, Nakazato a gabansa da ƙarti biyu da suka zo tafiya da kaya. Ta dubi keken, ta dubi Genzo. Doka ta ce kada a bar keke ba mai shi, ga mai shi kuwa a kai har da ɗamara. Ta rusuna, ta sallami ƙartin, ta yi masa fatan ya sami yayarsa lafiya.

Sai da suka tafi Genzo ya lura da sauran. An lulluɓe masa gwiwoyi da bargo. An goge tayoyi fes. An zare masa takalma, an jera su kusa da tayar gaba, suna kallon hanyar fita kamar yadda keken ke kallo.

Ƙofar ɗakinsu ta buɗe. Tomie ta leƙo, hannu ɗaya dafe da baya, ɗayan riƙe da jiƙaƙƙen tsumma.

"Shekara hamsin ina gaya maka, duk abin da ya taka waje ba ya shigar min ɗaki," in ji ta. "Amma yau ka ƙara masa nauyi."