Sunan da Aka Kankare

Ranar da garinmu ya koma hannun Denmark, magajin gari ya sa a kankare sunana daga bangon majalisar da na gina.

"Haƙuri, dattijo," in ji mai sassaƙar, yana dariya. "Wai ginin lafiya lau, mai ginin ne ya cika zama Bajamushe."

Shekara talatin Jamusawan da suka riƙe garin na ce mini ɗan Denmark, yau kuma waɗannan jakunan sun gano ni Bajamushe ne. Na tsaya har ya gama.

Ai matata, 'yar Denmark irinsu, ita ta zana taswirar ginin nan kaf. Ni na hana a sa sunanta. Ta rasu ban ce mata ta yafe mini ba.