Janaretan da Ya Tafi Gyara

Wayar gaggawa ta yi ƙara da rana tsaka, Saje ya ɗauka. Oga ne, shugaban tashar kashe gobara.

"Gidana ya kama! Ku fito da mota yanzu!"

Saje ya dubi motar. Tankinta a bushe yake, don kwana uku ke nan babu lantarkin da zai tayar da famfo. A ɗakin janareta kuwa babu komai sai tabon mai. Mako biyu da suka wuce Oga da kansa ya sa aka ɗauke janaretan, wai za a kai gyara. Wanda ya tambayi ina, canjin wurin aiki ya samu.

"Ranka ya daɗe, babu ruwa. Janareta yana wurin gyara."

"Kai, bar zancen banza! Ku nemo ruwa!"

"To. Me zan rubuta ya jawo gobarar?"

Daga bayan Oga matarsa ta kurma ihu: "Sai da na ce ka mayar musu da janaretansu kafin ya ƙone mu!"

Saje ya tura mutane neman ruwa, sannan ya buɗe rajista ya rubuta a tsanake: "An gano wurin gyara."