Kofi Ɗaya na Fetur

Tun da aka hana injin mai hayaƙi, kofi ɗaya na fetur hukuma ke ba mutum a shekara. Malam Tanimu ya karɓo nasa, ma'aikaci na biye da shi don ya shaida.

Shekara uku ya yi yana haɗa injin tsohuwar Fijo ɗinsa. Matarsa Ladiyo kuwa, tsufa ya sa ta daina gane shi.

Ya zuƙo man ta tiyo da bakinsa irin na da, ya murza makulli. Injin ya yi tari, ya tashi.

Daga ɗaki Ladiyo ta ɗaga murya: "Ku kawo ruwa, ga Malam ya dawo!"

Ma'aikacin ya duba agogo.

Tanimu ya ce, "Ɗana, bari ya shanye."