Dattawan Hanyar Kwarbai

Isma'ila ne ya fara kutsa kai ta Ƙofar Galadima. Ya waiwaya bai hango kowa ba, sai ya saki hannu ɗaya ya gyara hula.

Tun daga Jos ƙungiyarsu ta 'yan keke take tafe, a kwana nan a tashi can, a shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama. Yau ce ranar ƙarshe, kuma a gindin wani durumi a Kwarbai za a tsaya. Shugabansu Malam Walter, malamin makaranta daga Wusasa, ya riga ya yanke hukunci: wanda ya fara taɓa durumin nan shi zai ja tawaga zuwa Ikko bayan salla.

Shi kuwa Isma'ila bakinsa ya riga ya ja masa. Ranar da za su tashi zuwa Jos, a tsakar gida, gaban matarsa Safiyatu da ƙannensa, ya rantse in wani ya riga shi isa unguwarsu to ya bar hawan keke har abada. Mutumin da yake goge kekensa kafin ya wanke fuska, yake kwana da shi a ɗaki! Safiyatu ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da tankaɗe.

A kwanar farko sai ga wani dattijo zaune a kan dakali, gajere, da farar riga, rawani ya rufe masa har hanci. Ya ɗaga hannu. Ɗan birni ba ya wuce babba yana bisa keke. Isma'ila ya ja birki, ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, idonsa a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, barka da hutawa."

"Mm," in ji dattijo.

Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa. Kowace tambaya "Mm" take samu, hannun kuwa bai sauka ba. Sai da ƙararrawar keke ta fara tashi daga wajen ƙofar gari sannan aka sallame shi da yatsa.

Ya ɗare keke ya taka. Ruwan jiya ya cika kududdufi har ya cinye hanya, dole ya yi dogon zagaye ta bayan katangu. A birni mata ne kaɗai ke da yanke, daga wannan gida su faɗa wancan, namiji kuwa sai ya bi lungu duk inda ya karkace. Unguwar shiru, ko ƙarar daka ba a ji.

Yana shan kwana, ga wani dattijon da shuɗiyar riga har ƙasa, da safa a wannan zafi, yana haki kamar wanda ya hau tsauni. Shi ma ya ɗaga hannu. Isma'ila yana durƙushe abokan tserensa suka iso, Arthur ya wuce, Lawal ya bi bayansa. Su ba 'yan unguwa ba ne, babu mai kai ƙararsu gun iyayensu, sai suka kaɗa ƙararrawa suka yi gaba.

A dattijo na uku ya yi niyyar runtse ido ya wuce. Amma ya san kafin ya taɓa durumi labari ya kai kunnen mahaifinsa, cewa ɗan gidan malamai ya tsallake dattijo don wasan yara. Ya sauka ransa na tafasa. A nan aka haife shi, a nan ya girma, bai taɓa sanin Kwarbai na da gajerun dattawa marasa magana da yawa haka ba. Wannan ma har ƙaurin hayaƙin murhu yake yi.

Yana cikin tambayar na huɗu lafiyar jikoki, ya ji ƙarar wani keke a bayansa. Yona ne, ƙaton da ya turo kekensa a kowane hawa tun daga Jos. Ya wuce a hankali yana cin rake, har da cewa, "Sannu da gaisuwa, Malam."

Ko da Isma'ila ya isa, kowa ya taɓa durumi ya gama, ana shan kunun zaƙi. Malam Walter ya kama hannunsa ya ce, "Sori, Malam Isma'ila. Amma ladabinka abin koyi ne."

Rantsuwa kuwa ba a wasa da ita. Ya turo keken gida, ya rataye shi a azarar zaure, ya tsaya yana kallonsa har idonsa ya kawo ruwa. Ya shiga ciki ya tarar ba a ɗora komai ba, Safiyatu na kwance a tabarma jiƙe da gumi. Ta ce tun safe fargabarsa ta hana ta sukuni. Tausayinta ya kama shi, ya ce ta huta, ya fita sallar la'asar.

Tana jin tafiyarsa ta yi nisa ta miƙe, ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado, ta taka turmi ta leƙa gidan maƙwabciyarta.

"Talatu! Karɓi rawanin maigidanki ki mayar kafin ya farka, kuma ki gaya wa Hauwa shuɗiyar rigar mijinta saura kaɗan ta kayar da ni a guje."